Na Tona Asirin Ƙoƙunan Babana a Waya

Zuwa ga Gwaggo Yelwa,

Assalamu alaikum. Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da ta yi tsawo. Kwana goma sha biyu ke nan wani ƙunshi yana ajiye a kan akwatina, na kasa sake kwance shi, na kuma kasa daina kallonsa. Na yi wa mahaifina laifi da hannuna, laifin da ban san ta inda ake fara ba da haƙurinsa ba. Ba zan faɗi sunana ba. Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Madawa, ina da miji da 'ya'ya biyu, asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Azarori. Babana mai dabo ne, wato mai wasan rufa ido a kasuwa. Na san da faɗin haka rabin mutanen yankinmu na Adar sun riga sun gane shi, amma dai a bar ni da ɗan rufin asirin da ya rage mini.

Kayan aikin Baba ba su cika jaka ɗaya ba. Ƙoƙuna ne guda uku ƙanana, waɗanda man shanu da shafar hannu suka mai da su baƙaƙe suna ƙyalli, sai busassun 'ya'yan aduwa uku, sai wata tsohuwar fatar akuya da yake shimfiɗawa. Yakan zauna kusa da 'yan albasa, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ya kifa ƙoƙunan, ya sa aduwa ɗaya a ƙarƙashin kowane. Ya ƙwanƙwasa na dama da yatsa, ya ɗaga, babu komai. Ya ɗaga na tsakiya, ga biyu. Ya ɗauki ɗaya ya jefa aljihu kowa na gani, ya ɗaga ƙoƙo, ga ta ta dawo. Haka zai yi ta wasa da idon mutane har sai wanda ya rantse ya gane ya sake rantsewa bai gane ba. Daga ƙarshe ya ɗaga ƙoƙon da kowa ya tabbata fanko ne, sai ga jar albasa wadda da ƙyar ƙoƙon ya rufe ta. Ranar da ransa ya yi fari kuwa, ɗan tsako ne mai rai zai fito yana kuka. Ya yi wannan a Madawa, ya yi a Buza, ya yi a Deule, ya kai har Kaita, shekara hamsin da ɗoriya. Na ga wasan nan ya fi sau ɗari uku, kuma wallahi Gwaggo har yau in ya kai hannu kan ƙoƙon ƙarshe sai tsikar jikina ta tashi.

Sai na gaya miki dokar gidanmu kafin ki gane girman abin da na yi. Kakanninmu Azna ne, masu bautar gargajiya. Kakana, uban Baba, shi ya fara salla a gidan. An ce ranar da ya yanke shawara ya kwashe ƙahoni da layu da duk wani tarkacen da ya gada ya binne su, ƙoƙunan kaɗai ya bari. Sannan ya kafa sharaɗi biyu. Duk wanda zai yi wasa da su, kafin ya fara sai ya ɗaga hannu biyu ya gaya wa jama'a cewa babu aljani, babu tsafi, hannu ne kawai, mai neman magani ya ƙara gaba. Na biyu, ba a nuna wa kowa yadda ake yi sai magaji ɗaya. Baba bai taɓa tsallake ko ɗaya ba. Na tuna wani mai shanu daga wajen Buza ya zo har gida da rago, wai Baba ya duba masa wanda ya sace masa saniya, Baba ya ba shi fura ya sha, ya raka shi bakin hanya da ragonsa. Akwai kuma al'ada ta uku wadda ita ce ke hana ni sukuni yanzu. Mai dabon da bai samu magaji ba, in ya ajiye aiki, gona yake kai ƙoƙunansa ya taka su ya rufe da ƙasa. Haka ƙanin kakana ya yi da nasa a wajen Kaita.

Yayyena maza biyu ne. Mustafa yana Abijan, Abdulmumin yana Agadas, kuma cikinsu babu wanda ya taɓa kallon ƙoƙon nan sau biyu. Ni ce mayyar abin. Tun ina ƙarama nake laɓewa bayan rumbu ina kwaikwayonsa da gwangwanayen tumatir da tsakuwa. Har ƙaramin yatsana na hagu a tanƙware yake irin nasa sak, Inna takan tsokane ni ta ce shi kaɗai na gada. Amma ban taɓa buɗe baki na ce ya koya mini ba. Ban taɓa jin mace mai dabo ba, sai na ɗauka maganar a rufe take. Shi ma bai taɓa tayar da ita ba, na yi karatu, na yi aure, na kama alli.

Bara lokacin babban hutun lakwal na ci karo da wani mutum a Tiktok mai kiran kansa Furofesa Walƙiya. Ba a ganin fuskarsa, sai farar safar hannu da zobba da hayaƙi da kiɗa mai sa gaba faɗuwa. Yana cewa yana koyar da sirrikan Misira da na Indiya waɗanda sarakunan aljanu suka ɓoye shekara dubu, kuma saura mutum bakwai ya rufe ƙofa. Wata uku ina binsa, kullum mutum bakwai ne suka saura. Na san hayaniya ce, ni ma ai malama ce, amma wata rana sai ya fito da kofunan ƙarfe uku da jajayen ƙwallaye uku, ya yi wasan Baba. Bai kai Baba ba ko kusa, amma wasan ne. Ashe abin da na yi shekara talatin ina mafarkinsa yana nan a kasuwa, ana sayar da shi ga duk mai waya. Na tura kuɗin mataki na farko, maigidana Tasi'u yana ta yi mini dariya wai zai auri boka ba da saninsa ba.

Bidiyon da aka turo mini minti uku ne, biyu da rabi tallan mataki na biyu ne. A cikin rabin mintin da ya rage aka gaya mini sirrin. Ƙwallayen ba uku ba ne, huɗu ne, ɗaya tana ɓoye a gindin yatsu tun farko. Shi ke nan. Na zauna a bakin gado na yi dariya, dariyar ta koma kuka, ban san dalili ba. Sai da na gwada na gane ba a nan gizon yake saƙa ba. Sanin akwai ta huɗu daban, riƙe ta ba tare da hannu ya nuna yana riƙe da wani abu ba daban. Wata biyar ina yi, tsakanin gyaran kaye, wato littattafan ɗalibai, da girki, aduwa tana faɗuwa tana gangarawa ƙarƙashin gado. Ba zan ci amanar gaskiya ba, na koyi wani abu a wurin mutumin nan. Ranar da na fara yi wa ɗalibaina, aji mai yara saba'in ya yi tsit, har dirakta ya leƙo ya ga ko lafiya. Sai dai kowane mataki yana ƙarewa da cewa sirrin gaske yana mataki na gaba. Daga na biyu sai na uku, daga na uku sai na azurfa, sannan wai sai an sayi kofunansa na musamman.

A nan na yi wautar. Furofesa ya sanar a gurup ɗin ɗalibansa cewa duk wanda ya ɗauki bidiyon kansa yana yin wasa, sannan ya maimaita a hankali yana nuna inda asirin yake, ya sa sunan Furofesa a ƙarshe, za a ba shi matakin zinariya kyauta. Haka shi yake yi kullum, ya yi wasa sannan ya tona, na kalli irinsa har ya zame mini ba komai ba. Kuma aikina ke nan tun safe har yamma, in nuna abu sannan in bayyana yadda aka yi. Ba ni da kofunan ƙarfe, sai na ɗauko ƙoƙuna uku a madafa, na sayo aduwa. Hannuna kawai na ɗauka, ban yi magana ba, na ce wa zai gane ni. Ko kaɗan ban tsaya na tuna ba cewa duk faɗin Adar mutum ɗaya ne ke wasa da ƙoƙo da aduwa, kuma yatsan nan nawa tanƙwararre yana tsakiyar hoton. Cikin mako guda bidiyon ya fita daga gurup, ya zaga, ya isa ƙauyenmu.

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba. Ƙanwata Zaliha ce take wurin, wani kuma ya ɗauka a waya, na kalla. Ranar kasuwa ce bayan an gama girbi, kasuwa ta cika. Baba ya shimfiɗa fatarsa, ya ɗaga hannu ya faɗi abin da ya saba faɗa, ya fara. Shekarunsa saba'in da ɗaya, ciwon yanar ido ya rufe masa ido ɗaya ya kama ɗayan, aduwar ma ba sosai yake ganinta ba, da ji yake aiki. Ana tsakiyar wasa sai wani Surajo, magidanci ne da ya dawo daga cin rani da babbar waya, ya kutso gaba ya ɗaga murya ya ce tsoho ya buɗe hannun hagu, akwai aduwa ta huɗu, an tona a bidiyo. Yana ɗaga wayar yana nuna wa mutane hannuna. Aka kwashe da dariya, har da mutanen da Baba ya yi wa iyayensu wasa ranar sunansu.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya buɗe hannun hagu a hankali, ya ware yatsu, ya juya gaba da baya, babu komai. Ya buɗe na dama, babu komai. Hannun rigarsa a naɗe yake, kowa na ganin fatarsa. Ya nemi Surajo ya sunkuya ya ɗaga ƙoƙunan da kansa. Surajo ya ɗaga na farko, fanko. Na biyu, fanko. Na uku, fanko. Ya leƙa cikinsu, ya girgiza, ya ɗaga fatar akuyar ya duba ƙasa. Ba ta huɗu kaɗai ba, ukun ma sun ɓace. Kasuwar ta yi shiru, a bidiyon har kukan wata tunkiya ana ji daga nesa. Sai Baba ya roƙe shi cikin ladabi ya ɗan cire hularsa tunda zafi ake yi. Ya cire, aduwa huɗu suka zubo daga kansa suka gangara kan fatar. Mutane suna salati, mata suna guɗa, Surajo yana shafa kansa, sai Baba ya miƙa yatsa biyu ya ɗaga ƙoƙon tsakiya, wanda Surajo ya kife da hannunsa yanzun nan. Ɗan tsako ya fito ya taka ƙafar Surajo ya wuce.

Gwaggo, na kalli wannan bidiyo ban san iyaka ba. Na rage gudunsa, na tsayar da shi, na faɗaɗa hoton har ya dushe. Baba bai tashi daga zaune ba, ban ga hannunsa ya kusanci hular ba. Ni da na biya kuɗi na san akwai ta huɗu, ni da na yi wata biyar ina horar da yatsuna, na zama daidai da yarinyar nan ta bayan rumbu. Ban taɓa jin girman mutum ya cika mini ƙirji irin na ranar ba. Tsoho mai rabin ido, a kan fatar akuya, da ƙoƙon da ko a gidan biki ba za a kula shi ba. Kuma da hayaniya ta lafa, abin da ya fara yi shi ne ya sake ɗaga hannu biyu ya tuna wa jama'a cewa hannu ne kawai, kada wani ya tafi gida da wani zato.

Daga ranar bai sake fita kasuwa ba, mako shida ke nan. Inna ta ce da ya koma gida ya sa Zaliha ta nemo masa bidiyona. Ya kawo wayar daf da idonsa mai gani, ya kalla sau uku. Bai tambayi ko hannun wa ne ba, bai yi faɗa ba. Abin da kawai ya ce shi ne babban yatsan hagu yana saurin tashi. Wannan magana ta fi mini zagi ciwo, wato ko tonon asirin ma ban iya ba. Sai ga ɗan kabu-kabu ya kawo mini ƙunshi har gida. Na kwance, fatar akuyar ce, a ciki ƙoƙunan nan uku na kakana da aduwa uku. Babu saƙo, babu ko gaisuwa. Abin da zuciyata ke gaya mini shi ne, tunda ni na kashe wasan, ni yake so in kai su gona in taka da ƙafata. Inna ta ce yanzu wuni yake a zaure da aduwa ɗaya yana juya ta tsakanin yatsu, ba ya ambaton sunana. Ina kiran Inna kullum, amma na kasa cewa ta ba shi wayar.

Ana cikin haka Furofesa ya taso ni gaba. Bidiyon kasuwar ya yi nisa, ya gani, ya haɗa shi da nawa ya gane. Kullum sai ya turo saƙon murya yana kirana 'yar'uwa. So yake in ɗauki Baba yana wasan daga baya da kuma gefe, da yardarsa ko ba da ita ba, don a ga yadda aduwar ta shiga hula. Zai sayar da shi da sunan Sirrin Tsohon Adar, gadon aljanun duwatsu, mu raba abin da aka samu. Har ya turo mini hoton tallan, an ɗauki fuskar Baba an sa mata idanu masu wuta. Ya ce rabona zai isa a yi wa Baba aikin ido har da saura. Tasi'u ya ce asiri dai ya riga ya fita, wasan kuma zai mutu da tsohon, gara a samu idon. Ba mugun mutum ba ne, tausayin Baba yake ji. Ni kuma in zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah, ba idon kaɗai ke ja na ba. So nake in sani. Ina jin in Baba ya tafi da wannan abu ban sani ba, ba zan taɓa warkewa ba.

Gwaggo, me zan yi da ƙoƙunan nan? In taka su kamar yadda nake zaton yana so, ko in mayar masa? In karɓi tayin mutumin nan don idon Baba? Da wace fuska zan shiga zauren nan? Ki faɗa mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci.

Taki,
Ɗiyar Mai Dabo, Madawa

*

Ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Kin ɓoye sunanki da kyau, sai dai kin bar yatsa a waje, karo na biyu ke nan. Kada ki damu, ba zan ƙara tonawa ba. Bidiyon kasuwar nan ya iso wayata tun kafin wasiƙarki, na kalle shi har jikokina suka ƙwace wayar, kuma ni ma ban ga komai ba. Allah ya yi wa mahaifinki baiwa, ya kuma ba shi abin da ya fi baiwar wuya, wato ya tsaya gaban mutanen da ke shirye su ɗauke shi waliyyi ko boka ya ce musu shi ba kowa ba ne, hannu ne. Ki riƙe wannan, don a kansa duk amsata za ta tsaya.

Bari in fara sauke miki rabin kayan. Neman koyo a waya ba laifi ba ne. Kina son abu tun kina yarinya, kin ga ƙofa a buɗe, kin shiga. Wata biyar ɗin da kika yi aduwa na faɗuwa naki ne, babu mai ƙwace su, kuma yara saba'in da suka yi tsit shaida ne. Mahaifinki ma yana da nasa kason. Ya ga ɗiyarsa tana wasa da gwangwani a bayan rumbu, kada ki yi zaton mai irin wannan ido bai gani ba, amma ya zuba wa maza biyu ido har suka yi nisa. Ke kin yi shiru don ke mace ce, shi ya yi shiru don ba ki tambaya ba, shekara talatin suka wuce a haka.

Amma laifinki laifi ne, ba zan shafa masa mai ba. Kin ɗauki abin da gidanku ya rufe tun zamanin kakanki kin baje shi don a ba ki mataki kyauta, aka yi wa tsoho dariya a kasuwar da yake da girma. Da hannunsa bai fi na kowa ba, da a ranar an gama da shi. Ya tsira, amma ba ke kika tsirar da shi ba.

Maganar Furofesa kuwa gajeriya ce, kada ki karɓa. Ki duba bambancin mutanen nan biyu. Babanki yana cewa babu aljani, ya riƙe yadda ake yi. Wancan yana cewa akwai aljani, ya sayar da yadda ake yi. Ɗaya yana sallamar mutane da mamaki ba tare da ya yi musu ƙarya ba, ɗayan yana yi musu ƙarya sannan ya kashe musu mamakin. In kika ba shi fuskar mahaifinki da idanun wuta, kin tono abin da kakanki ya binne kin rataya wa ɗansa a wuya, gobe masu neman ɓarawon saniya za su cika zauren. Kuma abin ba naki ba ne balle ki sayar. Ɗaukarsa a ɓoye sata ce, ko da uba ne. Ki lura da wani abu ma, mai sirrin Misira da Indiya yana roƙon malamar lakwal ta leƙo masa abin da tsoho ke yi a kan fatar akuya. Ki rubuta masa layi ɗaya cewa ba ku yarda ya yi amfani da hoton Baba ba, ki ajiye saƙonninsa ko za a buƙace su, ki fita daga gurup ɗin, ki toshe lambarsa. Ki goge bidiyonki a duk inda hannunki ya kai, ko da ya riga ya bazu.

Tasi'u yana da gaskiya a abu ɗaya, idon Baba ba abin jira ba ne. Sai dai ku raba maganar ido da maganar ƙoƙo. Tsohon nan 'ya'ya huɗu gare shi. Ki kira Mustafa da Abdulmumin a makon nan, ki je asibiti ki tambayi yadda ake aikin yanar ido da lokacin da ake yi, ku haɗa hannu ku kai shi. Wannan hakki ne a kanku ko da bai taɓa riƙe ƙoƙo ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ki zauna ki sake karanta wasiƙarki da kanki, don kin rubuta amsar ba ki gani ba. Mutumin da ke son a taka ƙoƙo yana da ƙafa, gonarsa kuma ta fi Madawa kusa. Ƙanin kakanki bai aika wa kowa nasa ba. Babanki ya naɗe nasa a cikin fatar da ya zauna a kai shekara hamsin, ya biya ɗan kabu-kabu ya kai gidan mutum ɗaya. Aduwa nawa suka zubo daga hular Surajo? Huɗu. Nawa kika samu a ƙunshi? Uku. Ina ɗayar? Innarki ta gaya miki, tana hannunsa a zaure, yana juya ta tun safe. Ban san zuciyarsa ba, ba kuma zan rantse miki ba, amma ni a ganina ya aiko miki da abin da za a iya aikawa, ya riƙe wanda sai an zo an karɓa hannu da hannu.

Sai maganar da kika ce ta fi zagi ciwo. Ke malama ce. In ɗalibi ya kawo miki aikin da kika fid da rai da shi, kina ɓata lokaci ki duba sau uku? Mutum mai rabin ido ya manna waya a fuska, ya kalli hannu irin nasa yana yin abin da ya ɗauka zai mutu da shi, ya nemo kuskure ɗaya tak ya faɗa a gaban wadda ya san za ta kai miki. Wanda ya cire ki daga zuciyarsa ba zai damu da babban yatsanki ba.

Ki tafi ranar da ba kasuwa ba, da safe, da ƙunshin a hannunki. Ki durƙusa ki faɗi abin da kika yi da bakinki, ba tare da kin ambaci Furofesa a matsayin uzuri ba. Kada ki tambaye shi yadda aduwa ta shiga hula, wannan tambayar masu saye ce. Ki faɗi abin da ya kamata ki faɗa tun kina shekara goma, cewa kina so ya koya miki, kuma kin ɗauki sharuɗɗan kakanki duka biyun. Yana iya yin shiru, yana iya ce miki ki dawo, yana iya sa ki shekara kina gyaran yatsa ɗaya kafin ya nuna miki wani abu. Yana ma iya tafiya da sirrin hular, wannan hakkinsa ne, kuma za ki warke. Ko wanne ya yi, ki koma hutu na gaba, ki sake komawa.

Ki bar wayar a Madawa. Madam, an riga an fara darasi tun mako shida da suka wuce, malamin yana zaure yana jira, ke ce ba ki shiga aji ba. Allah ya ba Baba lafiyar ido, ya sanyaya zuciyarsa a kanki, ya sa albarka a hannuwanku ku biyu. Ki gaishe shi, ki ce wata tsohuwa tana nan har yanzu tana duba cikin ɗankwalinta.

Gwaggo Yelwa